Wayar da Aka Manta a Jijiyar Maƙwabcina

Frau Brodersen, don Allah ki taimake ni. Shekara goma sha ɗaya ina karanta filinki na ba da shawara, kullum ina cewa a raina mutane ba su da aikin yi ne, su kwashi sirrinsu su kai wa jarida. Yau ga ni a layi. Na canza sunayen mutane, ban kuma faɗi sunan garinmu ba. Ki yi haƙuri da tsawon takardar. Ba ni da wanda zan faɗa wa, kuma doka ma ta hana ni faɗa.

Shekarata hamsin da takwas, ni kaɗai nake zaune. Ina aiki a wani ƙaramin asibiti a bakin teku, amma ni ba nas ba ce, ban taɓa riƙe hannun majiyyaci ba. Ofishinmu yana ƙarƙashin ƙasa kusa da ɗakin wanki, tagarmu ɗaya ce, ƙafafun masu wucewa kawai ake gani ta cikinta. Idan aka sallami mutum, ko ya rasu, fayil ɗinsa yana saukowa wurinmu. Mu karanta abin da likitoci suka rubuta, mu mayar da kowace cuta da kowane aiki zuwa lamba, sannan a aika wa inshora ta biya. Ciwon huhu lambarsa daban, karaya daban, cire wani abu daga cikin jijiyar jini daban. Har dalilin da ya sa abin ya shiga jijiyar yana da tasa lambar. Abin da aka fara koya mana shi ne, duk abin da likita bai sa a takardar sallama ba, a wurinmu bai faru ba. In ka ga wani abu a fayil da bai yi daidai da takardar ba, ba ka gyarawa da kanka. Sai ka cike wata 'yar takardar tambaya mai ruwan ɗorawa, ka aika sama, ka jira. Ba a rufe fayil sai amsa ta dawo. Haka ƙa'ida ta ce, kuma ni ce nake koya wa sababbin ma'aikata ita.

Maƙwabtana, bari in kira su Momme da Telse, shekara ashirin da shida shinge ɗaya ne tsakaninmu. Momme makiyayi ne, tumakinsa suna kiwo a kan ganuwar da ta tare mana teku. Mutum ne mai ƙaramar magana da babban tari, tun yana ɗan shekara goma sha biyar yake shan taba. Telse kuwa Allah ya ba ta baki. Janar yake kiranta, a gabanta da bayan idonta. Lokacin da mijina ya tattara kayansa ya tafi, Momme ne ya riƙa share mini ƙanƙara a bakin ƙofa, bai taɓa jira in ce na gode ba.

Shekara biyu da rabi da suka wuce ciwon huhu ya kwantar da shi a asibitinmu, har ɗakin masu ciwo mai tsanani. Aka sa masa siririn bututu ta jijiyar wuya don ba shi magani. Yadda ake yi, ana fara zura wata siririyar waya, a bi ta da bututun, sannan a zare wayar a yar. Ya warke, ya koma gida, fayil ɗinsa ya sauko teburina. Na sani ya kamata in miƙa wa abokin aikina Sönke, don ba a son ka taɓa fayil ɗin wanda ka sani. Amma a garin da likitan haƙori ma surukin mai gidan burodi ne, wa ka sani wa ba ka sani ba? Ban miƙa ba. Har daɗi na ji, wai zan yi wa maƙwabcina aiki mai tsafta.

A can ƙasan rahoton likitan da ya duba hoton ƙirjinsa na ga layi ɗaya. Ya ce ana ganin wani siririn abu mai kama da ƙarfe daga wuya zuwa ƙirji, a duba ko a ciki yake ko a waje. Takardar sallama ba ta ce komai a kai ba. Na yi abin da ya kamata, na cike takarda mai ruwan ɗorawa, na sa kwanan wata da haruffan farko na sunana, na aika sama. Mako ɗaya shiru. Mako biyu shiru. Na buga waya sau ɗaya, aka ce likitar da ta duba shi ta koma wani asibiti. Ƙarshen wata ya zo, shugaban ofishinmu, Dokta Rathje, ya tsaya a bakin ƙofa da kofin kofi a hannu ya ce, "Fayil goma sha bakwai a buɗe. Kuna jiran su yi 'ya'ya ne?" Sai na ce wa kaina ai wayar na'urar auna bugun zuciya ce da ake manna wa mutum a ƙirji, kullum tana fitowa a hoto. Na rufe fayil ɗin. Kwafin takardar tambayar na jefa shi a durowa, ƙarƙashin kwalin shayi, gurbin amsa babu ko ɗigon biro.

Momme bai sake zama Momme ba. Numfashi ya yi masa wuya, zuciyarsa ta riƙa tsalle-tsalle. Likitan gidansu ya ɗora masa abin saurare a ƙirji ya ce aikin taba ne, ya ba shi maganin shaƙa. Shi kuma ya rantse ba zai sake taka asibiti da ƙafarsa ba. Tun ranar da aka sallame shi ya daina taba, amma da yake ba ya samun sauƙi, Telse ta ƙi yarda. Sai ya riƙa shiga ɗan sitonsu na katako a bayan gida yana daɗewa. Ina jin ta ta kan shinge tana cewa, "Tsohon banza, ka ɗauka hancina ya mutu ne? Rabin awa me kake yi a sito?" Shi kuma ya ce, "Gaisawa nake da shebur, Janar." Ta zazzage aljihunansa, ta ɗaga buhunan dusa, ba ta samu ko kara ɗaya ba. Ta ce ai wannan ya nuna ya ƙware a ɓoyo. Da bazara ta biyu ya sayar da tumakin, don ba ya iya hawa ganuwa.

Tagar kicin ɗina tana kallon ƙofar siton nan, gidansu kuwa bayansa yake gani. Ni na ga abin da yake yi a ciki. Yana kifa bokiti ya zauna a kai, hannu ɗaya a ƙirji, baki buɗe, yana jiran numfashi ya dawo. Ban taɓa ganin hayaƙi ba, ko sau ɗaya. Wata rana muka haɗa ido, ya ɗora yatsa a leɓe. Da ya samu kansa ya zo bakin shinge ya ce, "Maƙwabciya, kada ki faɗa wa Janar. Gara ta yi ta masifa a kan taba da ta zauna da tsoro. Masifa ta iya da ita." Na yi dariya, na yi masa alkawari. Za ki tambaye ni ko na tuna da layin nan na rahoton hoto. Na tuna. Sau biyu ko uku ya faɗo mini ina wanke kwanuka, na ce ni ba likita ba ce, na ci gaba da wanke-wanke.

A watan Fabrairu ya faɗi a bakin ƙofar lambu. Aka kawo shi asibitinmu, aka yi hoto, sai ga waya kwance daga zuciya zuwa jijiyar huhu, jini ya daskare a jikinta. Likitoci suka shiga ta jijiyar cinya da wani ɗan tarko, suka kamo ta suka zaro. Aikin ya yi kyau, haka aka rubuta. Bayan kwana huɗu zuciyarsa ta tsaya. Abin da aka faɗa wa Telse a tsaye a baranda shi ne an cire gudan jini da wani ɗan ɓalle, zuciyar ta gaji, kuma ta san mijinta ya daɗe yana shan taba. Kalmar taba kaɗai ta ɗauko ta zo da ita gida.

Maza maƙwabta suka ɗauki akwatin, mu mata muka yi hidimar kofi bayan an dawo daga coci, ni na yanka kek ɗin man shanu. Telse ba ta zubar da hawaye ko ɗaya ba. Da fasto ya zo yi mata ta'aziyya ta ce, "Ya zaɓi tabarsa, ya tafi da ita." Har yau ba ta je kabarin ba. Furannin da aka ɗora suka bushe, ni na je na kwashe. Ta sa wa siton kwaɗo. Kowace Alhamis da la'asar tana zuwa wurina shan shayi, kamar yadda muka saba, ta zauna a kicin ta juya wa tagar baya ta ce, "Shekara arba'in da huɗu muna tare. Ya dubi tsabar idona ya yi mini ƙarya har ya mutu." Ta rame, Frau Brodersen. Fushin nan yana cin ta.

A lokacin jana'iza ban san komai ba tukuna, ko in ce ban bari na sani ba. Bayan mako uku fayil ɗin ya sauko. Sönke yana gida an yi masa aiki a baya, ba wanda zan miƙa wa. Rahoton likitan da ya yi aikin ya ce an cire ɓallen kayan aiki. Amma nas ɗin da ke ƙirga kaya ta rubuta da hannunta a wata takarda daban: waya guda, santimita sittin, cikakkiya, bakunanta biyu lafiya. Abin da ya karye ba ya fitowa da baki biyu lafiya. Ba karyewa ta yi ba, mantawa aka yi ba a zare ta ba.

Lamba biyu ce a gabana. Ɗaya tana cewa kayan aiki ya lalace da kansa a jikin majiyyaci, ba laifin kowa. Ɗaya tana cewa an bar abu a jikin mutum lokacin aiki. In na sa ta biyun, inshora za ta nemi tsohon fayil, tambayoyi su fara. Na ɗauki takardar nas ɗin na kai wa Dokta Rathje. Ya tashi ya rufe ƙofa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Ke likita ce yanzu? Me rahoton ya ce? To sa abin da rahoton ya ce. Mutumin ya riga ya tafi, lamba ba za ta tashe shi ba." Da na tashi zan fita ya ƙara da cewa, a hankali, "In aka buɗe tsohon fayil ɗin, haruffan sunan wa ne a ƙasa?" Ba mugu ba ne, kada ki ɗauka haka. Shekara uku ana maganar rufe asibitinmu, mutum ɗari uku ke cin abinci a nan, kuma in aka rufe, mai ciwon zuciya sai ya yi minti hamsin a mota. Bai san da takardar da ke ƙarƙashin kwalin shayi ba. Ba wanda ya sani sai ni.

In na yaga ta na sa lambar farko, shi ke nan, na ƙarasa shekarun da suka rage mini in karɓi fansho. In na fito da ita, ta nuna asibiti ya samu gargaɗi ya yi shiru, ta kuma nuna ni na gani na rufe. In na faɗa wa Telse abin da ke cikin fayil, na karya dokar sirrin majiyyaci, kora ce, wataƙila har kotu. Kuma wane ido zan kalle ta da shi? In ce mata mijinki bai yi miki ƙarya ba, ni ce na ga abin da zai kashe shi na jefa a durowa? Ina jin kunya, ina jin tsoro, kuma tsoron ya fi kunyar yawa, wannan ma abin kunya ne. Dole a rufe fayil ɗin kafin ƙarshen wata. Me zan yi?

Mai kallo ta tagar kicin

*

Ya ke mai kallo ta taga,

Na karanta takardarki sau uku, na kuma ƙara canza wasu abubuwa kafin a buga. Ba zan ce miki ba ki yi laifi ba, don ba za ki yarda ba, kuma ba gaskiya ba ne. Kin rufe fayil da tambaya a buɗe, kin kuma san ƙa'idar fiye da kowa. Amma ki ajiye laifin a daidai girmansa. Wani ya zura wayar bai zare ba. Wani ya kamata ya ƙirga kaya bai ƙirga ba. Likitan hoto ya gani ya rubuta a ƙasan shafi, bai ɗaga waya ba. Wata ta karɓi tambayarki ta tafi ta bar ta. A cikin mutanen nan duka, ke da ba ki taɓa riƙe allura ba, ke kaɗai ce kika tambaya. Kin daina tambaya da wuri, wannan shi ne naki. Ba ke kika kashe shi ba, kuma ba ki fita fes ba. Da wannan za ki zauna, kuma ana iya zama da shi.

Kada ki sa lambar farko. Kuskuren wancan lokacin gajiya ce da son a rabu lafiya. Na yanzu da idonki buɗe za ki yi shi, kuma daga ranar ke da Dokta Rathje kun zama masu sirri ɗaya har ki mutu. Na ji maganarsa a kan mutum ɗari uku, ban raina ta ba. Amma asibitin da ya manta waya a jikin mutum, bai kuma bincika yadda aka yi ba, zai sake mantawa. Mutum na gaba ma maƙwabcin wani ne.

Kada kuma ki sa lamba ta biyu da gaban kanki, don ba huruminki ba ne, kuma da ita za a kama ki. Ki yi aikin da kika iya. Rahoton likita ya ce ɓalle, takardar nas ta ce cikakkiya, to fayil bai yi daidai ba. Ki cike takarda mai ruwan ɗorawa. Wannan karon ki aika kwafi ga babban likitan asibiti da ofishin da ke kula da koke-koken majiyyata, ki haɗa da tsohuwar takardar da ke durowa. Ki rubuta a fili cewa mamacin maƙwabcinki ne, ba za ki rufe fayil ɗin ba, a ba wani. Ki rubuta cewa ba a gaya wa matarsa gaskiyar abin da aka cire ba, kuma likita ne ya kamata ya zaunar da ita ya gaya mata. Kafin ki aika, ki ga lauya, ki kuma ga wakilan ma'aikata na asibitinku, ki ajiye kwafin komai inda lauyan ya ce. Ni ba lauya ba ce, amma iya sanina matar mamaci tana iya neman ganin takardun mijinta. Ki tambaye shi ko ya halatta ki tuna mata da wannan, da kuma yadda za ki faɗa. Ba zan yi miki alkawarin aikinki zai tsira ba. Wataƙila a yi miki gargaɗi a rubuce, wataƙila a daina gaishe ki a ɗakin cin abinci. Wanda ya kawo kansa dai ya fi wanda aka tono samun sassauci.

Abin da ke cikin fayil kada ya fito daga bakinki a kan teburin shayi. Ba don fansho kaɗai ba. Telse ta cancanci ta ji shi daga waɗanda suka yi, a zaune, da takarda a gabansu, ba ta kan shinge ba. Ranar da ta ji, za ta kuma ji sunanki a ciki. Ki shirya. Tana iya daina zuwa ranar Alhamis, wata ɗaya ko har abada, kuma ba ki da ikon hana ta.

Amma akwai abin da kika haɗa da fayil alhali ba ya cikinsa. Bokitin nan da aka kifa, da hannun a ƙirji, da rashin hayaƙi, ba a ofis kika karanta su ba. Da idonki kika gani kina wanke kwanuka, kuma babu dokar da ta kulle tagar kicin. Alkawari ne kawai ya rufe miki baki. Momme ya ɗauki alkawarin nan ne don kada matarsa ta ji tsoron zai mutu. Ya mutu. Abin da yake kare ta daga gare shi ya riga ya same ta, shirun da ya saya mata yanzu shi ke hana ta zuwa kabarinsa. Ba na jin mutumin da ke share wa maƙwabciya ƙanƙara ba tare da jiran godiya ba zai so ki ci gaba da riƙe masa wannan.

Gobe Alhamis. In ta zo, kada ki bar ta ta juya wa tagar baya. Ki juya kujerar, ki nuna mata ƙofar siton, ki faɗa mata abin da kika gani shekara biyu, ki maimaita mata maganarsa kamar yadda ya faɗa, har da Janar ɗin. Za ta tambaye ki me ya sa kika yi shiru. Ki ce ya roƙe ki, kin kuma yi kuskure da kika daɗe. In ta yi miki masifa, ki tsaya ki sha, ta iya da ita. In ta yi kuka, kada ki hana ta, tun Fabrairu take bin kanta shi. In kuma ta tashi ta ɗauki rigar sanyinta, ki ɗauki taki, makabarta ba wurin da za ta fara zuwa ita kaɗai ba ne.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya wa Telse, ya ji ƙan Momme.

G. Brodersen